Wata uku ke nan barci ya ƙaurace min, wa ya san maganin da ke aiki?

Auwalu_Tela:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da rubutun tsakar dare, yanzu ƙarfe 2:47 a agogona, abin ne ya kai min ko'ina. Ni tela ne a nan Kano, kun san yadda muke a azumi, bana tun daga 15 ga wata ban ƙara kwana a gida ba, da an sha ruwa an yi tarawi zan hau keke sai sahur, in an yi asuba in miƙe a kan tabarma a shagon zuwa goma ko sha ɗaya. To ƙaramar sallah ta wuce, babba ma ta zo ta wuce, ɗinki ya yi sauƙi amma barcin ya ƙi komawa mazauninsa. Ina kwanciya sha ɗaya jikina lis kamar an yi min duka amma ido tar, in juya dama in juya hagu, in ji haushin karnuka, in ji 'yan sintiri na busa usur, har ladan ya yi kiran farko ko runtsawa ban yi ba. Sai bayan asuba barci yake sace ni. Shekaranjiya na lalata wa wani bawan Allah shadda yadi biyar, na yanke hannun riga bai kai ba, sai da na biya daga aljihuna. Dan Allah wanda ya san sunan magani mai kyau da zan saya a kemis ya taimaka, ba dogon bayani nake so ba, suna kawai.

Sadiq_Gwale:
Wa alaikumus salam. Barka da shigowa ƙungiyar mujiya, ni ne ma'aji 😂 ka duba mutum nawa ne a kan layi yanzu, duk idonmu biyu.

KB_Fagge:
Oga Auwalu ka nemi D5, rabi kawai, minti ashirin ba za ka san inda kanka yake ba. In sun hana ka ka ce su ba ka Piriton.

Nas_Binta:
KB dan girman Allah ka goge wannan. Aikin dare nake yi shi ya sa na gani da wuri. D5 diyazifam ne, magani ne da sai da takardar likita, kuma ko likitan ne ya rubuta na ɗan lokaci ne, saboda jiki yana saurin sabawa da shi, yau rabi, wata mai zuwa ɗaya, ranar da ka ce za ka bari kuma rashin barcin ya dawo ya fi na da. Piriton kuwa maganin mura da ƙaiƙayi ne, barcin da yake sawa illarsa ce ba aikinsa ba, kwana kaɗan zai daina yi maka komai sai kasala da safe, ga mutum mai riƙe almakashi da allura. Malam Auwalu kafin a zo maganar magani amsa min: shayi kofi nawa kake sha kuma ƙarfe nawa? Kana cin goro? In barcin ya ƙi zuwa me kake yi a kan gadon?

Auwalu_Tela:
Anti Binta shayi dai kullum bayan isha'i nakan zauna wajen mai shayin bakin layinmu, kofi ɗaya wani lokaci biyu, yana zuba min garin kofi kaɗan a ciki. Goro kuma ba ya rabuwa da aljihuna tun azumin nan, da la'asar nake ci in na ji ina gyangyaɗi a kan keke. Amma gaskiya ni shayi ba ya hana ni barci, tun ina yaro nake sha. In na kasa barci waya nake ɗauka in ɗan duba TikTok ko zai zo.

Hajiya_Turai:
Goro da la'asar, shayi da kofi bayan isha'i, waya a gado, sannan kana neman wanda ya sace maka barci. Ɗan nan ai ɓarawon yana cikin aljihunka.

Nas_Binta:
Hajiya ta riga ni. Shayi da kofi da goro da lemukan nan na ƙara kuzari duk abu ɗaya ne a cikinsu, kafeyin, kuma bayan awa 5 zuwa 6 da shansa kusan rabinsa yana nan yana yawo a jininka. Ka lissafa da kanka, ka sha tara da rabi, ƙarfe uku na dare rabi bai fita ba. Amma ni ba shayin ne ya fi damuna ba, wannan barcin na bayan asuba zuwa sha ɗaya. Awa biyar fa kake yi. Jikinka bai daina barci ba, canza masa lokaci ka yi a azumi shi kuma ya riƙe. Mutumin da ya tashi sha ɗaya na rana ta yaya barci zai zo masa sha ɗaya na dare?
Abin da zan ce ka gwada na sati biyu: ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya ko da daren ya yi maka tsawo, in ka dawo daga masallaci in dole sai ka koma kar ka wuce bakwai da rabi, ka fita hasken safiya ya taɓa idonka don shi ke saita agogon jiki. Shayi da goro su tsaya daga azahar. Kar ka hau gado sai ka ji barci da gaske ba gajiya kawai ba, in ka kwanta kamar minti ashirin bai zo ba ka sauko ka zauna a tabarma cikin duhu-duhu ka ja carbi ko wani abu mara hayaniya, in ka fara hamma ka koma. Kwana huɗu biyar na farko za ka tsine min a zuciyarka, na sani.

Sadiq_Gwale:
Anti Nas ki ce ya bar barcin safe? Shi kaɗai ya rage masa fa, so kike ya faɗi a kan keke?

Malam_Abu_Hafsa:
Allah ya ba ka lafiya ɗan uwa. Ban ga wanda ya ambaci azkar ba, kuma nan ya kamata a fara. Ka yi alwala kafin ka kwanta, ka kwanta ta ɓangaren dama, ka karanta Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyun ƙarshen Baƙara, ka tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu ka shafe jikinka sau uku. Sannan tasbihin da Annabi (SAW) ya koya wa Nana Faɗima lokacin da ta je neman mai aiki saboda wahalar niƙa: Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34. Kuma ya tabbata cewa ya kasance yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta. Mu yanzu bayan isha'in ne ma ake buɗe majalisa.

Ummu_Sultan:
Ni fa ina ganin a bincika ko da hannu a ciki. Mutum lafiyarsa ƙalau sai da kasuwa ta buɗe masa a sallah sannan barci ya ɗauke? Ku 'yan boko komai ku ce sinadari. A yi masa ruƙiyya.

Malam_Abu_Hafsa:
Malama Ummu Sultan addu'a ba ta da lokacin da ba ta dace ba, amma kar mu sa masa zargin maƙwabtansa na kasuwa alhali da bakinsa ya faɗa mana goro da shayi da waya. Ya yi azkar ɗinsa ya kuma bi abin da malamar asibiti ta faɗa, babu karo a tsakani. Sai dai in ƙara wa Sadiq, akwai addu'ar Annabi (SAW) ta neman albarka ga al'ummarsa a sammakonta, to barci har sha ɗaya ko ba don lafiya ba akwai asara.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Auwalu maganarka ta ba ni dariya don ni ma haka nike cewa, shayi bai hana mini kwana. Mu nan fada muke zama bayan lisha, a aza buta bisa gawayi, na farko mai ɗaci, na biyu, na ukku mai zaƙi, hira har ƙarfe ɗaya ko biyu. Shekara da shekaru. Sai da na yi aure matata ta ce kai kana kwana amma kamar zomo, ko ƙyaure ya motsa ka tashi. Na bar na farkon nan mai ɗaci, daga baya na bar shan na dare gaba ɗai, ina zuwa fada in zauna da ruwa na. Abokai sun yi ta yi mini ba'a wai an mallake ni. Amma wallahi sati ukku na gane ashe da can ba kwana nike ba, kwanciya ɗai nike.

Dan_Sakkwato:
Duk kun bar babban abu. Zahi da rashin wuta. Mu nan watan Afrilu da Mayu zahi ka wuce 40, ɗaki kamar tanderu har ƙarhe ukku na dare, bango na amayar da zahin da ya sha da rana. Wa ka iya kwana cikin wanga hali? Ni tsakar gida nika shimfiɗa, in yayyafa ruwa ƙasa, in watsa ruwa jikina in kwanta ban goge ba. Yanzu da damina ta sauka kuma sauro ya amshi aiki.

Maman_Khairat:
Dan Sakkwato ka faɗi gaskiya, ga janareton maƙwabta, namu a jikin tagar ɗakina suka ajiye shi. Ni fanka mai caji ce ta cece ni da gidan sauro, in ka saya ka nemi wadda ake haɗa ta da ƙaramin faifan sola.
Amma ni bari in faɗi nawa tunda an buɗe. Nawa ba shayi ba ne ba waya ba, tunani ne. Da na kwanta sai kan ya buɗe kamar kasuwa, kuɗin makarantar yara, kuɗin haya, adashen da zan zuba ranar Juma'a, abin da za a ɗora gobe, tun da aka cire tallafin mai a 2023 lissafin gidan nan bai ƙara daidaita ba. In yi ta saƙa da warwara, maigida kuwa yana gefe yana zuba minshari kamar ana niƙa, wani lokacin har sai in ji ya yi shiru ɗif kamar ya daina numfashi sannan ya ja da ƙarfi ya zabura. Haushi biyu ke nan, ga rashin barci ga mai barci a kusa da kai.

Hajiya_Turai:
Maman Khairat ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abin da na koya da tsufana, ki sami ɗan littafi, bayan magariba ki rubuta duk abin da ke cin ranki da abin da za ki yi a kai gobe, ki rufe ki sa a ƙarƙashin akwati. In tunanin ya zo da dare ki ce masa an rubuta ka, sai da safe. Kamar wasa amma yana rage wa kai kaya. Bashin dai ba zai biya kansa ba, amma ba a taɓa biyan bashi ƙarfe biyun dare ba.

Nas_Binta:
Maman Khairat tsaya, maganar maigidanki ta fi taki gaggawa. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi sannan ya zabura, wannan ciwo ne mai zaman kansa, maƙogwaro ne ke rufewa cikin barci, yana iya faruwa sau da yawa a dare ɗaya shi bai sani ba. Yana yawan gyangyaɗi da rana? Yana da ƙiba ko kaurin wuya? Yana tashi da ciwon kai? Yana da alaƙa sosai da hawan jini. Ki ɗauke shi a waya wata rana yana yi ki nuna masa, maza ba sa yarda suna minshari sai sun ji da kunnensu, sannan ya ga likita a auna jininsa. Rage ƙiba da kwanciya ta gefe maimakon rigingine suna taimakawa, in ya yi tsanani akwai na'urar da ake sawa a hanci mai hura iska, CPAP. Kuma irinsa ne bai kamata ko kusa ya sha abin da KB ya faɗa ba.

Maman_Khairat:
Innalillahi. Wallahi Anti duk abin da kika lissafa yana da shi, ko a falo aka zauna minti biyar ya tafi, har a huɗuba yake gyangyaɗi, kuma yana shan maganin hawan jini. Ni da na ɗauka daɗin barci yake ji ina ta jin haushinsa.

Direban_Tirela:
Ku kuna maganar gado, mu kuma barci a kan sitiyari yake zuwar mana. Kano zuwa Legas, mai kaya yana kira a waya kamar shi ya haife ka. Na taɓa buɗe ido na ganni a ɗaya hannun titin wajen Mokwa, ban san lokacin da na rufe ba, yaron motata ne ya kwaɗa min ihu. Tun ranar in na ji ido ya fara nauyi fakawa nake in shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota in yi rabin awa. Goro da ƙwaya ba sa biyan bashin barci, ɗaga maka ƙafa kawai suke, ranar karɓa kuma ba ya sallama.

Bawan_Allah_77:
Na daɗe ina karantawa ban so yin magana ba amma saboda KB zan yi. Ni ta haka na fara. 2016 mahaifina ya rasu, barci ya ɗauke, wani aboki ya ce rabin ƙwaya. Kafin shekara ina shan huɗu ina haɗawa da maganin tari mai kodin, kwalba biyu a rana. Lokacin da gwamnati ta hana shi a watan Mayun 2018 bayan rahoton nan na BBC kuɗinsa ya tashi, na sayar da wayata, na sayar da babur. Da na ce zan bari da kaina rana ɗaya, jikina ya kama rawa, gumi, kwana uku ban runtsa ba har na fara ganin abubuwa, yayana ne ya ɗauke ni zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, a can suka rage min a hankali a hankali. Likitan ya ce tun farko ba rashin barci ne ciwona ba, damuwa ce ta rasuwar, rashin barcin alama ce kawai. Yau shekara biyar ban taɓa ba Alhamdulillah. Auwalu kar ka buɗe wannan ƙofar. Wanda kuma ya riga ya saba kar ya yanke lokaci ɗaya, ya je asibiti.

KB_Fagge:
Allah ya huci zuciyarku jama'a, na goge. Ni ma wani ne ya faɗa min, sau biyu kawai na taɓa sha.

Zee_Kaduna:
Dan Allah tunda ana maganar barci, ni dannau ne matsalata. Sai in farka ina ganin ɗakin ina jin komai amma ko yatsa ba na iya ɗagawa, kamar an ɗora min buhu a ƙirji, in yi ta ƙoƙarin kiran sunan Allah murya ta ƙi fita. Har tsoron kwanciya nake. Kakata ta ce in sa wuƙa a ƙarƙashin filo.

Ummu_Sultan:
To Anti Nas wannan ma goro ne? 😏

Dalibin_Likita_ABU:
Ba goro ba ne amma yana da bayani. Barci hawa-hawa ne, yana zagayowa kusan duk minti 90, kuma a hawan da aka fi yin mafarki ƙwaƙwalwa tana kashe motsin gaɓoɓi don kar mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani a mafarkin. Wani lokaci hankali yana riga jiki farkawa, sai ki ji ki a farke jiki kuma a ɗaure, sauran mafarkin ya haɗu da ɗakin da kike gani. Daƙiƙu ne zuwa 'yan mintuna ya saki. Ya fi kama wanda ba ya samun isasshen barci, ko lokacin barcinsa ya rikice, ko mai kwanciya rigingine. Mutane a duk duniya suna da shi kowa da sunan da ya sa masa. Zee ki gwada kwanciya ta gefe, in ya zo ki mai da hankali kan motsa ɗan yatsa ɗaya ko lumshe ido da buɗewa.
Af, maganar agogon jiki da Anti Binta ta yi ba ƙirƙira ba ce, a 2017 an ba wasu Amurkawa uku kyautar Nobel ta fannin likitanci a kan gano yadda yake aiki, kuma a jikin ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace suka yi binciken.

Ummu_Sultan:
Kai dai ka karanta naka, mu ma mun ga abin da muka gani. Zee ki riƙe Ayatul Kursiyyu.

Malam_Abu_Hafsa:
Ayatul Kursiyyu na'am, kwanciya ta dama na'am, nan ɗalibin likita da sunna sun haɗu. Wuƙa a ƙarƙashin filo kuma ba ta da asali, a mayar da ita kicin.

Sadiq_Gwale:
Mun bar tela a tsaye mun tafi dannau. Ni tambayata ƙailula, Anti Nas ta ce a bar barcin rana, Malam kuma na san zai ce ƙailula sunna ce. Wanne za mu ɗauka?

Nas_Binta:
Ban ce a bar ƙailula ba Sadiq, karanta da kyau. Ƙailula daban, barcin awa biyar daban. Minti 20 zuwa 30 wajen azahar ba ya ɓata dare, yana ma wartsakar da mutum. Abin da ke ɓatawa shi ne ka sha fura ka miƙe ƙarfe biyu sai kiran magariba. Shi Auwalu a satin farko in zai iya haƙura da ita ma ya fi, don yunwar barcin ta taru ta jira shi da dare. Babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9 a kwana, kuma in rashin barci ya kai dare uku a sati har wata uku ana ɗaukarsa wanda ya zauna, to shi yana bakin layin. In ya yi sati biyu zuwa uku bai ga canji ba, ko akwai baƙin ciki da rashin jin daɗin komai, ko yawan tashi fitsari da ƙishirwa, ko ƙwannafi da ke tashinsa, ya je asibiti kar ya tsaya a nan. Asibitin Malam Aminu Kano akwai sashen masu duba irin wannan. Kuma zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin ka haukace, mu cire wannan a ranmu.

Alhaji_Mai_Goro:
Ina jin ku tun jiya kuna ta ɗora wa goro laifi. Shekarata 61, shekara arba'in ina sayar da shi ina ci, da isha'i na yi sallah na kwanta ban san komai ba sai kiran assalatu. Iyayenmu da goro a baki suke kwana. Ku dai ku ce waya. Mu da can fitilar ƙwai ce, a yi tatsuniya kaɗan a hure kowa ya kwanta, dare mahutar bawa. Yanzu jikana sai sha biyun dare yake sayen data wai ta fi araha, ya kwana yana haska fuskarsa kamar mai neman allura.

Dalibin_Likita_ABU:
Baba Alhaji jiki ya bambanta, wani hantarsa tana saurin narkar da kafeyin wani a hankali, kai Allah ya ba ka mai sauri. Amma maganar waya ka yi gaskiya, hasken yana jinkirta sinadarin melatonin da ke sanar da jiki dare ya yi, kuma ni a ganina abin da ake kallon ya ma fi hasken illa, bidiyo ɗaya na ƙarewa wani na shigowa, ga rigimar siyasa a Facebook mutum ya kwanta zuciya na tafasa.

Alhaji_Mai_Goro:
To ka ji. A bar min goro na ya huta.

Rabi_Kumasi:
Gaisuwa daga Zongo. Ni madara mai ɗumi da ɗan zuma nake sha in yi wanka da ruwan ɗumi, kuma na daina cin tuwo da nauyi dab da kwanciya, awa biyu ko uku nake bari. Ban san ko madarar ce ko sabon ne ba amma da na riƙe kofin jikina ya san lokaci ya yi.

Auwalu_Tela:
Salam jama'a, na dawo da rahoto, yau kwana tara. Anti Binta kin yi gaskiya na tsine miki a zuciya, ki yafe min 😅 kwana ukun farko kamar zan mutu, ina tashi bakwai ina tafiya shago a ƙasa ido na yaji, rana ta biyu na soke yatsana da allurar keke. Mai shayi har aike ya yi a tambaya ko lafiya. Waya kuma a shago nake barinta a caji in kulle, in taho da ƙaramar mai tocila saboda kwastomomi, wannan ne ya fi komai wuya wallahi, hannu ya yi ta lalube a gefen katifa. Azkar ɗin Malam ina yi, jiya ban ma ƙarasa tasbihin ba. Yanzu wajen sha biyu da rabi zuwa ɗaya barci yake ɗauke ni, ba sha ɗayan da nake so ba, kuma dare biyu a ciki ya ƙi sam sai da na sauko tabarma har sau uku. Goron la'asar ne dai ban iya bari gaba ɗaya ba, ɓari ɗaya nake ci, Baba Alhaji ka ji daɗi. Abin da ke damuna yanzu, azumi zai sake zagayowa kuma ɗinkin sallah ba a yinsa da rana kaɗai, a nan muke samun na shekara. Ya zan yi kar in koma gidan jiya?

Hajiya_Turai:
Ka daina karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfinka mana. Ku teloli ku karɓi na mutum ɗari alhali na arba'in za ku iya, ku hana kanku barci ku hana mu sa kaya ranar idi.

Auwalu_Tela:
Hajiya in na mayar da mutum sittin wa zai biya min haya?

Maman_Khairat:
Ni ma rahoto, na ɗauki maigida a waya na kunna masa, ya ce ba shi ba ne wai janareton maƙwabta ne. Da ƙyar dai ya yarda za mu je asibiti ranar Litinin. Littafin Hajiya kuma na fara, shafi huɗu na cika daren farko.

Sadiq_Gwale:
Auwalu tsaya. Ka ce wayar a shago take kwana, yanzu ƙarfe 1:20 na dare. Da me ka turo wannan?

Auwalu_Tela:
Ta madam ce na ara, tana barci.